Inna Hansai da Ƙwaryar Matan Utai

Duk wanda ke zaune a layinmu a Sabon Garin Wudil ya san kukan ƙofar gidan Inna Hansai. Ƙofar langa-langa ce da ta gaji da duniya, ba ta taɓa buɗuwa a asirce ba. Da an idar da sallar asuba sai ka ji ta, sai takun takalmin roba, sai muryar Inna tana yi wa mai babur faɗan ya makara, alhali kuwa bawan Allah tun kafin ta fito yake tsaye yana jiranta. Daga nan su miƙi hanyar Utai, rani da damina. A can akwai wani ɗan gini mai ɗaki biyu da tankin sanyaya madara, wanda wani kamfanin ƙasar waje ya kafa don sayen madara a hannun makiyaya. Inna ce mai gwaji. Tana isa za ta ɗora farar riga a kan hijabinta, ta wanke hannu har gwiwar hannu kamar mai alwala, ta zauna a bakin ƙofa. Duk garwar da aka kawo sai ta buɗe ta shinshina, sannan ta tsoma abin gwaji, domin masu saye ba sa karɓar shaidar hanci. Wadda aka yi wa algus da ruwa ta mayar, wadda ta fara tsami ta mayar, mai kyau a juye a tanki. Kafin rana ta take mota ta zo ta kwashe, Inna ta wanke kayan aiki, ta dawo gida tana ƙamshin madara.

Haka ta yi shekaru fiye da goma, kuma a watan jiya ta ajiye aiki. Ba a yi taro ba, ba a buga kalanda da hotonta ba. Shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ni maƙwabcinta ne, tsohon malamin firamare, kuma mutumin da fura da nono suka yi wa mugun kamu, har mai ɗakina tana cewa da a ruga aka haife ni da shanun gidan ba su yi ƙiba ba. Yawancin abin da zan faɗa a bakin waɗanda suka gani na ji shi, domin ita Inna in ka tambaye ta labarin kanta, sai ta tambaye ka ko ka rasa aikin yi ne.

Mahaifinta, Malam Haladu, Bahaushe ne mai awon hatsi a kasuwar Wudil. Mahaifiyarta Bafulatana ce daga wata ruga bayan Achika. Don haka ta tashi da harshe biyu, ta san zaman gari, ta san zaman ruga, ta kuma yi makaranta gwargwado. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara 'yan makaranta, tana cikin wannan hali Kamfani ya zo yana neman mai jin Fulatanci wadda ta iya karatu. Aikin nan shi ya riƙe gidanta. Ina so mai karatu ya riƙe wannan, domin duk abin da ta yi daga baya ta yi shi ne ba ta da wata madogara sai wannan kujerar ta bakin ƙofa.

Ba zan yi wa Kamfani ƙarya ba, ko da yake ban taɓa ganin masu shi ba, kuma ba na jin akwai wanda ya taɓa ganinsu a Wudil. An ce hedikwatarsa tana wata ƙasa a Turai, yana da rassa a ƙasashe masu yawa, masu arziki da marasa shi. Ya zo da alheri wanda ido ke gani. Ya haƙa rijiyar burtsatse da mutane da dabbobi suka sha, ya kawo sola, ya sa aka riƙa yi wa shanu allura a kan lokaci, matasa suka samu aikin jigila. Madarar da a da take tsami a hanya kafin a kai ta gari ta samu mai saye kullum. Mu da muke zaune a majalisa muna gyara duniya da baki mun ce ci gaba ya zo, kuma ba mu yi ƙarya ba.

Kuskuren da aka yi, ladabi ne ya jawo shi. Ma'aikatan da Kamfani ya turo 'ya'yanmu ne, 'yan Kano masu tarbiyya. Sun san ba a shiga gari sai an gaida masu gari, sun san baƙo namiji ba ya tsallake maigida ya je hira da matan aure. Sai suka yi abin da kowannenmu zai yi. Suka gaida dagaci, suka gaida Ardo, aka shimfiɗa tabarmi, maza suka zauna. Aka tambaya su wa ke da shanu, maza suka ɗaga hannu, kuma gaskiya suka faɗa. Aka ƙulla magana da su cewa su za su riƙa kawo madara, su za a riƙa biya. Aka yi addu'a aka watse, babu wanda ya tambayi wa ke da nonon.

A ruga kuwa wannan tambaya ce daban. Saniya ta miji ce, shi ke kiwonta, shi ke sayar da ita in ta kama. Amma abin da ya fito daga hantsarta na matar gida ne. Ko da miji ne ya tatsa, a ƙwaryarta yake zubawa. Kuma abin yana da tsari. A bar maraƙi ya sha rabonsa, a ɗebi na yara, abin da ya rage ta bar shi ya kwana ya zama kindirmo, ko ta kaɗa ta fitar da mai, ta ɗauka zuwa gari. Da shi take sayen gishiri da sabulu da kayan miya, da shi take zumunci, da shi take tara wa 'yarta kayan ɗaki, ba sai ta miƙa wa kowa hannu ba. Mazan da suka zauna a tabarmin nan sun san haka sarai. Amma wane namiji ne zai miƙe a gaban baƙi da dagaci ya ce a dakata ya shiga ciki ya tambayo matarsa? Kunya ta hana su faɗa. Su kuma matan, irin tarbiyyar da suka tashi da ita ba ta bari mace ta fito ta ce mijinta ya ɗauki abinta, sai suka yi shiru. Da aka buɗe wurin, maza ne suka riƙa zuwa a kan babura da garewani biyu ɗaure a gefe.

Ni a harshena na fara jin an samu matsala. Masu fura da nono na bakin tasha suka ragu, waɗanda suka rage kuma nononsu ya canza. Ga fari ƙal, ga kauri, amma in ka kai baki babu wannan ɗan ƙamshin man shanu. Na kai ƙara wurin Inna cikin wasa, na ce Kamfaninku ya shanye mana nono ya bar mu da farin ruwa. Ba ta yi dariya ba, ta dai dube ni, ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Ashe ita ta riga ni lura da wani abu. Rani ya shigo, ciyawa ta ƙone, amma garewanin wasu mazan ba su ragu ba. Duk wanda ya tashi a ruga ya san saniya ba ta ƙara nono da rani. In garwa ta cika a irin wannan lokaci, to rabon wani aka haɗa a ciki, ko na maraƙi ko na yaro.

Wanda ya fi kowa cika garwa shi ne Ƙasimu, wani jarumin makiyayi daga rugar bayan Achika. Matarsa Mairo tana kiran Inna da Gwaggo, domin iyayensu mata 'yan ruga ɗaya ne. Wata Juma'a a kasuwar Wudil Inna ta hango Mairo a rumfar mai kayan shayi tana sayen madarar gari ta leda, mai ɗauke da sunan Kamfanin da Inna ke yi wa aiki. Da suka haɗa ido Mairo ta tura ledar ƙarƙashin mayafi. Suka gaisa, aka tambayi gida, aka tambayi yara, aka tambayi shanu da zafin rana, har gaisuwa ta ƙare babu abin da ya rage sai ledar. Mairo ta roƙe ta kada ta faɗa wa kowa. Ta ce da ita take haɗa nonon da take kaiwa tasha don kada masu sayenta su watse, abin da ya rage ta dama wa yara. Inna ta tambayi maruƙa, ta ce biyu sun rame, ɗaya ya mutu, Ƙasimu ya ce ciwo ne. Ba ta zagi mijinta ba. Ta ce ya yi ɗakin kwano, ya sayi babur, kuma ba ya hana ta komai.

"Yana ba ni in na tambaya," in ji Mairo. "Amma Gwaggo, tun da aka kai ni gidan nan ban taɓa tambayar kuɗin gishiri ba sai bana."

Mai ɗakina ta ce ranar Inna ta dawo gida ta kasa cin abinci. Ko madarar shanun Mairo ce aka mayar gari, ko daga wata ƙasa aka shigo da ita, ni ban sani ba, ita ma ba ta sani ba. Abin da ta sani shi ne da hannunta take juye nonon Mairo a tanki kowace safiya, ita kuma Mairo tana bin rumfuna tana sayen na leda a ɓoye. Abin ya ci mata rai matuƙa.

Inna ba ta fara da faɗa ba, ta fara da gaisuwa. Duk namijin da ya sauke garwa, bayan an tambayi lafiya da kiwo, sai ta ce, ina mai nonon, lafiyarta ƙalau dai, a gaishe ta. Da farko maza suka riƙa dariya suna cewa za ta ji. Da abin ya zama kullum, a gaban kowa, dariyar ta fara ɗaukewa. Da yamma kuma, maimakon ta huta, sai ta bi rugage. Ba ta je wurin matan aure ba, domin ta san hakan zai zama zuga, kuma su za a huce a kansu. Wurin tsofaffi ta je, iyayen mazan. Ta zauna a ƙasa, ta sha abin da aka ba ta, ta ja su hira da Fulatanci a kan zamaninsu, wa ke ɗaukar ƙwarya, me suka yi da cinikin nono, yaya aka yi suka aurar da 'ya'yansu mata ba tare da an sayar da saniya ba. Tsofaffi kuwa in aka taɓo musu zamaninsu ba sai an roƙe su ba.

Sai wata safiya ta sanar cewa daga yau ba ta karɓar madara sai a hannun mai ƙwarya ko wanda mai ƙwarya ta aiko, kuma sai wadda ta rage bayan maraƙi ya sha, yara sun sha. Babu wannan doka a Kamfani. Ita ta kafa abarta, tana zaune a kan kujerar roba.

Aka yi mata ca. Wasu mazan suka ɗauke madararsu zuwa wata cibiya mai nisa, wasu suka zauna a gida don fushi. Tanki ya kasa kai rabi. A gari aka fara cewa tsohuwa za ta kori arziki, in Kamfani ya tafi wa zai gyara rijiya, wa zai ɗauki matasa aiki. Kuma masu faɗin haka ba mugaye ba ne, tsoro ne na gaskiya. Mai kula da cibiyoyin yankin wani matashi ne, Ridwan, ɗan cikin birni, yaro mai kirki wanda bai daɗe da yin aure ba. Waɗanda ke wurin sun ce ya zo ya durƙusa a gefen kujerarta kamar mai gaida mahaifiyarsa.

"Mama, don Allah ki rufa mini asiri," in ji shi. "Ni daga Legas ake kirana, su ma na Legas daga waje ake kiransu. Ogan da ke can bai san Utai ba, tanki kawai ya sani. In bai cika ba rufe wurin nan za su yi, ni da ke duk mu kama gabanmu."

Inna ta ce ta ji, kuma ta san ba laifinsa ba ne. Sannan ta ce, "Ɗana, in an ce a koma karɓa a hannun kowa, ka kawo wata ta zauna a nan, ba zan riƙe ka a rai ba. Ni dai da hannuna ba zan ƙara juye abincin yaro da na maraƙi a tankin nan ba. Kuma ka faɗa wa na sama, maraƙar da ta mutu bana ita ce saniyar da za su nema nan gaba su rasa."

Ridwan ya miƙe zai tafi. Ya ce za a turo wani daga sama ya duba, kafin nan ba abin da zai iya yi mata. A kwanakin nan na ga Inna ta rame. Ɗanta na biyu yana shirin shiga babbar makaranta, kuma ta san in aka sallame ta karatun ya tsaya. Da yamma takan zauna a ƙofar gida da carbi, in ka gaishe ta ta amsa, amma hankalinta ba ya wurin. Duk da haka, da asuba ƙofa tana kuka a kan lokacinta.

Ƙasimu bai kai madararsa wani wuri ba, ya zo ya tari abin gaba da gaba. Ya tsayar da babur a gaban jama'a, bai ko sauke garwa ba, ya ce, "Inna, shanun nan nawa ne ko naki?"

"Naka ne, Ƙasimu, Allah ya ƙara musu albarka," in ji ta. "Mahaifiyarka tana raye. Je ka tambaye ta wa ke ɗaukar nono a gidan mahaifinka. Abin da ta ce, shi zan yi."

Ya juya babur ya tafi, kuma daga ranar ya daina gaishe ta. In sun haɗu a hanya sai ya ga wani abu mai muhimmanci a ɗaya gefen. Abin da mahaifiyarsa ta faɗa masa a ɗaka babu wanda ya ji. Amma bayan 'yan kwanaki aka ga Mairo ta taho a ƙafa da 'yar garwa a ka, madarar da ba ta kai rabin wadda mijinta ke kawowa ba. Inna ta shinshina, ta gwada kamar ta kowa, ta juye, ba ta nuna mata wani bambanci ba. Washegari mata biyu suka biyo ta, daga nan abin ya bazu daga ruga zuwa ruga. Tanki ya ɗan taso, amma bai koma cika kamar da ba, domin yanzu akwai abin da ke tsayawa a gida.

Wadda aka turo daga sama wata Baturiya ce, ta zo da tafinta. Kowa ya ce sallamar Inna ta zo yi. Inna ba ta tsaya bayani a ofis ba, ta roƙe ta su je ruga da sassafe ta ga tatsa. Aka kwance maraƙi daga igiya, ya ruga ya kama hantsa, aka bar shi ya sha, aka janye shi aka tatsa, aka sake sakinsa ya ƙarasa. Baturiya ta tsaya tana kallo, can sai ta naɗe hannun riga, ta tsuguna ta karɓi ƙwarya, ta shiga tatsa kamar wadda aka haifa a garke. Mata suka rufe baki suna dariya. Ta bakin tafinta ta ce ita ma 'yar makiyayi ce. Ta ce ƙasarsu mai arziki ce, amma Kamfanin nan a can ma baƙo ne. Ya zo ya sayi 'yar masana'antar garinsu, ya gyara ta, ya biya da kyau, kowa ya ji daɗi. Daga baya ya ce sai mai manyan garke zai saya wa, masu 'yan shanu kaɗan irin mahaifinta suka sayar da nasu. Daga baya kuma aka ɗauke masana'antar aka kai inda aiki ya fi araha. Ita tana yi musu aiki ne domin shi ne aikin da ta samu.

Wannan labari ya daɗe yana yi mini yawo a kai. A da na ɗauka mu talakawan ƙasashe ne kaɗai irin waɗannan kamfanoni ke juyawa yadda suka so. Ashe halinsu ɗaya ne ko'ina. Ba ƙiyayya ce ke kawo su ba, ba kuma soyayya ba, riba ce, kuma inda ta fi can suke komawa. In sun zo, alherinsu na gaske ne, ɓarnarsu ma ta gaske ce, kuma sau da yawa ba su ma san sun yi ta ba, domin mai yanke hukunci yana nesa, bai taɓa jin sunan wanda abin zai faɗa wa ba. Bambancinmu da ƙasar Baturiyar nan, kamar yadda ta faɗa, shi ne mahaifinta ya samu hukuma da ta tallafa masa da ya rasa sana'a. A Utai kuwa babu wanda ya tsaya tsakanin Kamfani da ƙwaryar Mairo sai wata mata da mijinta ya rasu, mai takalmin roba, wadda ita kanta abincin 'ya'yanta yana hannun Kamfanin.

Baturiya ba ta yi alkawarin komai ba. Ta ce za ta faɗi abin da ta gani, amma ba ita ke yanke hukunci ba. Ba a rufe cibiya ba, ba a kori Inna ba. Sai dai ƙarin girman da aka taɓa yi mata maganarsa ya wuce ta ya tafi wurin wani, kuma bai sake dawowa ba. Bayan wani lokaci Kamfani ya amince a riƙa sayen madara a hannun ƙungiyoyin mata, har aka zo da masu ɗaukar hoto, aka jera matan Utai da ƙorai a ka, aka buga a allon talla cewa Kamfani yana tallafa wa mata. Na tsaya a gaban allon nan na duba fuska ɗaya bayan ɗaya, Inna ba ta ciki. Da na faɗa mata sai ta ce ai gara haka, ranar ba ta sa hijabin kirki ba.

Shekaru suka wuce, sai wata rana labari ya zo ta waya cewa wani kamfanin da ya fi shi girma ya saye Kamfani, kuma sababbin masu shi ba su da sha'awar yankinmu. Mota ta daina zuwa. Abin ya taɓa kowa. Ridwan ya rasa aiki, matasan jigila suka koma acaɓa, rijiya ta lalace aka daɗe ba a gyara ba, albashin Inna ya tsaya. Amma a wuraren da mata suka saki kasuwarsu gaba ɗaya, garke kuma ya ragu saboda mutuwar maruƙa, wahalar ta fi tsanani, don an wayi gari ga 'yar madara babu mai saye, ga masu sayen da sun koma wani wuri. Matan Utai da Achika kuwa ba su saki ƙwarya gaba ɗaya ba, masu sayensu na tasha da na kasuwa suna nan, maruƙan da aka bari suka sha sun zama shanu masu ba da nono. Matan nan ne suka haɗa kai suka riƙe tankin, suka samo masu yin yogot daga Kano suna zuwa saye. Suka roƙi Inna ta ci gaba da gwaji, ta ci gaba a kan ɗan abin da suka iya ba ta, har gwiwoyinta suka ce sun gaji da hawan babur.

Inna Hansai 'yar Haladu, ke ce kika zauna a kujerar baƙo kina cin albashinsa, amma ba ki manta gidan da kika fito ba. Ke ce kika yi wa Kamfani aiki da gaskiya, ba ki taɓa bari madara mai ruwa ta shiga tankinsa ba, kuma da wannan gaskiyar kika hana shi shan abin da ba nasa ba. Ke ce ba ki ci mutuncin namiji ko ɗaya ba, kika tura kowa wurin mahaifiyarsa. Na san kin ji tsoro, na gan ki da carbi a ƙofar gida. Wannan tsoron da kika haɗiye shi ya sa nake ganin girmanki fiye da na mutane da yawa da ake yi wa taro.

A makon jiya wani sabon kamfani ya zo, daga wata ƙasar daban, shi ma yana neman madara. Aka kira taro a ƙofar dagaci, na bi 'yan kallo na je. Ma'aikatan matasa ne masu ladabi, suka yi gaisuwa yadda ya kamata, suka yi bayanin alherin da suka zo da shi, suka nemi masu shanu su nuna kansu. Maza suka ɗaga hannu. Jami'in ya buɗe baki zai ci gaba, sai wani ya yi gyaran murya daga tsakiyar tabarma. Ƙasimu ne, furfura ta fara fito masa a gemu. Bai ɗaga kai sosai ba, kuma da ganinsa ka san maganar ta yi masa nauyi.

"Ranka ya daɗe," ya ce wa dagaci, "shanu dai namu ne. Amma in madara suka zo saye, ba mu ne masu ita ba. Sai a aika a kira su."

Babu namijin da ya musa. Dagaci ya sa aka ƙaro tabarmi a gefe, aka jira har mata suka iso, Mairo ce ta yi magana a madadinsu. Inna ba ta wurin, tana gida tana shafa wa gwiwa man zafi. Da na dawo na tsaya a zaurenta na ba ta labari daga farko har ƙarshe. Abu ɗaya ta tambaya, ko an yi maganar rabon maraƙi da na yara. Na ce da shi Mairo ta fara. Sai ta ce, "To, yanzu na ajiye aiki."

Kamfanoni za su ci gaba da zuwa, wasu don madara, wasu don tumatir ko shinkafa ko fata, kuma 'ya'yanmu ne za su zauna musu a bakin ƙofa. Ina roƙon duk wanda Allah ya ba irin wannan kujera ya yi aikinsa tsakani da Allah, ya kuma buɗe ido ya ga abin da mai kamfani ba zai iya gani daga nesa ba, ya faɗa tun da wuri, ko da muryarsa tana rawa. Mun gode, Inna. Matan rugage sun gode, 'ya'yansu sun gode, ni ma da furata ta dawo hayyacinta na gode. Allah ya saka da alheri, ya ba gwiwa lafiya, ya sa ki daɗe kina yi mana faɗa a layin nan.